Filin Aro Ma Yana Yin Inuwa

Ƙannena maza da mata na Fagge da Sabon Gari,

Magana nake so mu yi a kan kangon nan na bayan layinku, wanda aka zagaye da bulo aka tafi aka bari har ya zama juji. Da ɗan sararin da ke tsakanin katangar masallaci da lambatu. Da gefen makarantar firamare inda ba abin da ke taruwa sai leda. Da tsakar gidan hayar da ɗakuna barkatai ke kallon rijiya guda. Roƙona gare ku shi ne ku nemi izinin masu waɗannan wurare, ku share, ku yi shuka, ku riƙa ban-ruwa, alhali kun san ba naku ba ne, kun kuma san wata rana za a ce ku tattara ku tashi.

Na san abin da wasunku za su ce: zanen aro ba ya rufe katara, wa zai zubar da guminsa a filin da gobe za a haƙa harsashin shaguna? Tambayar tana kan hanya, ba kuma zan yi muku alkawarin cewa ba za a haƙa harsashin ba. Abin da nake so ku gane shi ne, shekara biyu ko uku na inuwa da ganyen miya da ƙasa mai shan ruwa amfani ne cikakke a karan kansa. A unguwannin da ƙasa ta yi tsada irin namu, wanda ya ce ba zai yi shuka ba sai ya mallaki fili, to sai dai ya tsufa a cikin rana.

Unguwanni biyu da baƙi suka kafa

Ku fara duba tarihin inda kuke zaune. Fagge a da zangon fatake ce a bayan ganuwa. Nan ayarin Buzaye da Larabawa ke sauke raƙuma, su huta, su sayar da gishiri da kanwa, su sayi tufafi da fatu da hatsi, su ɗaura kaya su juya. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, a wajen 1913 kuma Turawa suka yanka fulotai domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin ƙasar nan da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Da yawa daga waɗanda suka fara sauka a wuraren nan biyu da niyyar komawa gida suka zo. Ga shi yau jikokinsu na nan, a tsakiyar hada-hadar Kantin Kwari da Singa da Wapa da kasuwar Sabon Gari.

Wannan tarihi ya bar mana gado iri biyu. Na alherin shi ne iya zama da baƙo. Ɗayan kuwa tunanin ɗan haya ne, na cewa ai ba gidana ba ne. Ɗan haya ba ya dasa itace don bai san ranar da za a ba shi takardar tashi ba. Mai gida kuma yana can wata unguwa, abin da ke gabansa ƙarin ɗaki ne ko fasa katanga a fitar da shago. A tsakaninsu sai ƙasa ta rasa mai kula da ita. Ƙidayar 2006 ta samu kusan mutum 200,000 a ƙaramar hukumar Fagge, ban da ɗimbin jama'ar da ke kwararowa kasuwanni kowace safiya, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Zafin watan Afrilu bai taɓa tambayar wa ke da takardar gida ba. Wanda ke kwana a ɗakin shi yake dafawa.

Kano ba haka take ba a da. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shigo birnin a 1824, ya ba da labarin cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Kasuwar Rimi. Kududdufan da aka haƙa aka yi ginin ƙasa da su ne ke karɓar ruwan damina su hana shi shiga ɗakuna. Jakuna kan shigo gari da itacen girki su fita da toka da taki zuwa gonakin karkara, ta yadda sharar birni ke komawa abinci. Shekara da shekaru kuma manoman lambu na bakin Jakara, ta wajen Kwakwaci zuwa Gama, suke fitar da latas da alayyafo zuwa kasuwa, wasunsu a filin aro ko na haya. Aron gona al'ada ce da kakanninmu suka sani sarai: ka noma, ka girbe, ka kai wa mai gona ɗan abin godiya, ranar da ya buƙaci abinsa ka mayar masa. Saboda haka abin da nake kiran ku gare shi ba baƙon abu ba ne. Tsohuwar al'adarmu ce nake so ku shigo da ita tsakiyar siminti.

Abin da ya hana dare yin sanyi

Kwalta da bulo da daɓen siminti suna shan zafin rana tun hantsi, su riƙe shi, sai dare ya yi su riƙa sakinsa a hankali, kamar duwatsun murhu da ke ƙona hannu bayan an daɗe da kashe wuta. Ga rufin kwano, ga hayaƙin janareta da na adaidaita sahu, ga benayen da suka tare hanyar iska. Shi ya sa a bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mutumin ƙauye kan samu ɗan sauƙi bayan isha'i, mu kuwa sai mu kai asuba muna juye-juye a kan tabarma.

Itace yana maganin wannan ta hanya biyu. Yana tare rana tun kafin ta taɓa ƙasa, sannan yana zuƙo ruwa ta saiwa ya fitar da shi ta ganye, wannan danshi kuma ya sanyaya iskar da ke kewaye. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa, a lokacin da zafi ya kai maƙura, daɓen da ke cikin inuwa yakan fi wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25. Ba sai kun je Amurka ba. Ku taka kwalta da ƙafa ba takalmi da azahar, sannan ku taka ƙasar gindin darbejiya.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. Shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi a duniya. Kun tuna azumin shekarar. A ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, a Bamako kuma wani babban asibiti ya ba da rahoton rasuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Masana sun danganta tsananin wannan zafi da sauyin yanayin da ɗan Adam ya jawo. Tsofaffi da jarirai da masu ciki da masu hawan jini su zafi ke fara kayarwa, wato kakanninku da ƙannenku da iyayenku mata.

Sai kuma ruwa. Ku yi wannan lissafi da kanku. Idan aka yi ruwa mai kaurin milimita 30 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 100, lita 3,000 ce ke zubowa ta indararo, wato jarka 120 mai cin lita 25, daga gida guda. In tsakar gida siminti ce, ƙofar gida intalok, titi kwalta, kududdufin unguwa kuma an cike shi an yi gini, lambatu ya toshe da ledar fiya-wata, ina ruwan zai nufa? Ɗaki zai shiga, ko shago. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa, 'yan kasuwa ba su manta ba. Duk taku ɗaya na ƙasar da aka bari a buɗe, aka sassauta ta da taki da saiwa, wani ruwa ne aka rage wa lambatu.

Waɗanda suka gwada kafin ku

A nan kusa da mu, a yankin Maraɗi, a farkon shekarun 1980 gonaki sun yi fayau, dashen da ake ta yi kuma yawancinsa mutuwa yake. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa a lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koma zaɓar toho mai ƙarfi, su sassabe sauran, su kare shi. Da wannan sassabin zamani aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Darasinku a nan: kafin ku sayi dashe, ku duba abin da ya riga ya tsiro. 'Yar darbejiyar da ta fito a gindin katanga ba wanda ya shuka ta, da tsohuwar bishiyar layinku da masu shago ke shawarar sarewa, su ne aikinku na farko.

A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda cunkoso ya fi namu, mata sun ɗauki noma a buhu, musamman daga 2008 da abinci ya yi tsada. Buhu guda a ƙofar ɗaki yana ba su ganyen miya, in an tashe su kuma su ɗauki abinsu.

A birnin New York, a 1973, wata matashiya mai suna Liz Christy da abokanta suka share wani kango da ya cika da shara suka yi lambu. A shekarar da ta biyo baya hukumar birnin ta ba su hayar wurin a kan dala ɗaya a wata. Lambun yana nan har yau. Wasu ire-irensa an rushe su an yi gini, a 1999 kuma da aka sa sama da 100 a gwanjo, jama'a suka tashi tsaye har ƙungiyoyi suka saye su aka bar su a matsayin lambuna. Ba kowane aro ne ke ɗorewa ba, amma wanda ya ɗore da aro ya fara.

A Firitawun, babban birnin Saliyo, bayan zaftarewar ƙasar 2017 da ta hallaka sama da mutum 1,000, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan guda a 2020. Abin koyi a shirin shi ne 'yan unguwa ke renon dashen, suna ɗaukar hotonsa da waya lokaci bayan lokaci, ana biyansu a kan kulawar da ta sa ya rayu. Ku riƙe wannan da kyau. Ranar dashe kowa jarumi ne. A watan Maris ake sanin wanda ya yi aiki.

Yadda za ku fara

Izini shi ne farko, kuma shi ne ƙashin bayan komai. A Kano mai fili yana tsoron aro, kuma yana da hujja, don an sha ganin wanda aka ba wurin ajiye kaya ya wayi gari yana da'awar mallaka. Ku cire masa wannan tsoro. Ku je wurinsa da dattijon da yake jin nauyinsa, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce: "Baba, filinka muke roƙo aro. Za mu kwashe sharar, mu hana zubar da wata, mu yi shukar da za a iya ɗagewa. Ranar da ka tashi gini, ka ba mu wata guda mu tattara." A rubuta wannan a takarda, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, a bayyana ƙarara cewa ba ku da haƙƙin mallaka ko na diyya. Mai hankali zai ga ribarsa: filinsa ya daina zama juji da maɓoyar masu shaye-shaye, ya kuma samu masu gadi kyauta. In gefen titi ne ko filin gwamnati, ku bi ta ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane, KNUPDA. In harabar makaranta ce, ku ga hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai. In ta masallaci ce ko coci, ku ga liman ko fasto da kwamitinsu. Shukar da aka yi da ƙarfin hali ba ta kai labari, kuma takan ɓata wa na baya hanya.

Na biyu, ku fara da kaɗan. Buhu 10 da ke samun ruwa sun fi dashe 200 da aka yi biki a kansu aka watse. Ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta dace da aikin gayyar share wuri, tun da dama an hana zirga-zirga da safe.

Na uku, ku san ƙasar da kuke taɓawa. Inda aka taɓa yin garejin kanikawa, ko aka fasa batir, ko aka daɗe ana ƙona shara, ƙasarsa kan riƙe darma da sauran guba, ganye kuma yana iya ɗauka. A irin wannan wuri kada ku shuka abin ci a ƙasa. Ku kawo ƙasa mai kyau daga waje, ku gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, ku zuba a buhu ko tsohon bokitin fenti ko jarkar da aka yanke. In buhu ne, ku tsayar da layin tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa ko'ina, ku huda gefe-gefe ku dasa a kowace huda. Ruwan lambatu kuma ba na zuba wa latas ba ne. Abin da ke gangarowa a ciki kun san shi.

Na huɗu, ku zaɓi shuka daidai da tsawon aron. In na damina ɗaya ne, alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa da ɗaɗɗoya sun isa. Alayyafo kafin wata guda ya fara shiga tukunya. In inuwar gaggawa kuke so a majalisarku ko a teburin mai shayi, ku kafa rumfa ku sa kabewa ko soso ko ugu su hau, kafin tsakiyar damina sun rufe ta. In aron na shekara biyu ne ko uku, ga zogale da ke ba da ganye cikin 'yan watanni, ga gwanda da ke haihuwa a cikin shekara, ga shuwaka, ga lalle da ke yin shinge. Lemun tsami da gwaiba suna zama a rabin duro, ranar tashi a ɗora su a kura. Manyan itatuwa irin su darbejiya da mangwaro da tsamiya, ku kai su inda ake sa ran za su tsufa: makaranta, masallaci, coci, maƙabarta. Ku nisanta su daga katanga da bututun ruwa da wayar lantarki. Ceɗiya da durumi suna kamawa daga reshe, inuwarsu kuma babu kamarta, amma saiwarsu tana fasa gini da kwalbati, sai a fili mai yalwa. Ku yi dashe da zarar damina ta zauna, a Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke.

Na biyar, ruwa, wanda a kansa yawancin lambuna ke mutuwa. Kowa ya san abin da jarkar ɗan garuwa ke ci a aljihu, don haka kada ku gina aikinku a kan ruwan saye. Ku duba ruwan da ake zubarwa. Sau biyar a yini ake alwala a kowane masallacin layi, ruwan kuma mai tsabta ne, yana tafiya lambatu a banza. Ɗan gajeren bututu ya isa ya karkata shi zuwa gindin itace. Ga ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ga wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a shaguna da ofisoshi. Ga na indararo, a tara a duro a rufe shi ruf. Ku binne ƙaramin tulu a gindin dashe ku riƙa cika shi, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali zuwa saiwa. Ku lulluɓe ƙasa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa don rana ta rage shanye danshi. Ku yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma liƙis. Kada kuma ku bar ruwa ya kwanta a taya ko gwangwani, kar a je neman inuwa a dawo da zazzaɓin sauro.

Na shida, kariya. Akuya ba ta san yarjejeniya ba. Kowane dashe yana buƙatar keji na kara ko ƙaya ko tsohuwar raga ko bulon da aka jera. Wurin kuma ya zama a buɗe, ana ganin cikinsa daga titi, kada ya yi duhuwar da iyaye za su ji tsoron tura yara.

Hannun da zai riƙe aikin

Duk abin da na lissafa mai sauƙi ne in aka gwada shi da riƙon jama'a. Ku raba kwanakin ban-ruwa, kowa da ranarsa, a rubuta a liƙa. Ku yi karo-karon abin da ya sawwaƙa, ku ba mai amana ajiya, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Abin da aka girbe a san yadda za a raba tun kafin ya nuna, a kuma fitar da rabon mai fili da na maƙwabtan da ba su da hali.

Samari, kada ku ɗauka aikin nan naku ne ku kaɗai. Iyayenku mata sun riga ku. Wace tsohuwa ce ba ta taɓa rainon ɗaɗɗoya a fasasshen baho ba, ko zogale a bayan makewayi? Ku tambaye su, ku kai musu ƙasa da buhu har cikin gida. 'Yan mata, tsakar gida da saman bene da harabar Islamiyya filayenku ne, ku kuma kuka fi kowa sanin abin da kayan miya ke ci a cefane. Ku ja ƙananan yara a jiki. Yaron da aka ba dashe aka ce wannan naka ne ba zai bari a karya shi ba.

Kada ku bari a liƙa hoton ɗan takara a lambunku ko a shafa masa fentin jam'iyya. Ku karɓi gudummawar kowa, ku yi godiya, amma wurin ya zama na unguwa. In ya zama na wani ɓangare, ranar da iska ta juya da shi za ta tafi.

Akwai kuma wata riba da ba a aunawa da ma'aunin zafi. Iyakar Fagge da Sabon Gari ta ga tashin hankali tun rikicin Mayun 1953, ta kuma sake gani bayan nan. Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Banufe da suka yi shekara suna miƙa wa juna bokiti da sassafe sun san sunan juna, sun san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Irin wannan sanayya ita ake nema ranar da ruwa ya shiga gidaje cikin dare, ko ranar da jita-jita ta fara yawo a waya. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa dashen itace yana cikin sadakar da ladanta ke gudana, 'yan'uwanmu Kirista ma an koya musu cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam. A kan wannan ba mu da saɓani.

Ranar tashi

Za ta zo. Wata safiya tifa za ta sauke yashi, mai fili ya aiko cewa lokaci ya yi. Zai yi zafi a rai, musamman in gwanda ta fara nuna. A wannan rana ake gane ko tun farko kun fahimci aikin. Ku cika alkawari. Kada ku tara mutane a yi hayaniya, kada ku hau Facebook kuna zagin wanda ya yi muku alheri. Ku je ku yi masa godiya, ku ɗauke buhunanku da durorinku, ku bar masa wuri fes, ya fi yadda kuka same shi. Wanda ya mayar da aro cikin mutunci ya buɗe wa kansa ƙofa ta gaba, don labari zai kai ga masu sauran kangaye. Wanda ya ƙi tashi kuwa ya rufe ƙofar ga duk matasan unguwa, na yau da na gobe.

Ku kuma lissafa abin da tifa ba ta binne ba. Daminar da ruwa ya nutse a wurin maimakon ya shiga ɗakuna ta riga ta wuce lafiya. Miyar da aka sha an sha ta. Kun iya haɗa ƙasa, kun iya renon dashe, sana'ar da wasu ke ci da iyali da ita a bakin titunan Kano. Kuna da iri, kuna da ƙungiya, kuna da suna mai kyau a wurin mai unguwa.

Ba zan ruɗe ku ba: buhunan alayyafo ba za su maye gurbin manyan magudanan ruwa ba, ba za su dawo da kududdufan da aka cike ba, ba kuma za su sauke wa hukuma nauyin da ke kanta ba. Amma wanda ya raini itace har ya tsallake bazara yana da bakin magana. Ranar da kuka je gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa kuna neman kada a yanka filin makaranta a yi shaguna, ko a bar wa itatuwa gurbi in za a gyara titi, ko a hana gini a kan hanyar ruwa, za ku je ne da aiki a hannu, kuma irin wannan baki ya fi wuyar mayarwa.

Don haka kafin damina mai zuwa ta sauka, ku zauna a majalisarku ku lissafa wuraren banza da ke layinku, ku zaɓi guda ɗaya, ku binciko mai shi, ku nemi dattijon da zai raka ku. Kada ku jira a kafa kwamiti daga sama, kada ku jira sai kun yi kuɗi, kada ku jira sai kun gina naku. Ku yi abin da hannunku zai iya a inda Allah Ya ajiye ku yau.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa albarka a abin da za ku shuka, Ya ba mu damina mai amfani, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya.